Shin Ko Kun San? Magaryar Bakin Gona Dangin Wardi Ce

Shin ko kun san cewa magaryar nan da manoman Zauro ta jihar Kebbi ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona, su tara ta su cinna mata wuta, dangin furen wardi ce? Masana tsirrai da suka bi diddigin ƙwayoyin gado sun zuba su cikin babban gida guda da suke kira Rosales, mai zuri'a tara. Wardi da tuffa suna zuri'a ɗaya, magarya da kurna suna wata. Ɓaure da cediya da durumi da gamji duk 'yan gidan ne. Har tabar wiwi ma a can aka same ta, to kowane gida dai ba ya rasa nasa.

Ko kun san cewa a da gawasa ce ake ɗauka 'yar ɗakin wardi a ƙasarmu? J. M. Dalziel, likitan nan ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewa, wanda ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, cikin zuri'ar wardi ya jera ta a babban littafinsa na 1937. Binciken baya ya fitar da ita daga gidan ɗungurungum. Yau magarya ta fi gawasa kusa da wardi.

Shin ko kun san cewa wardin da Allah ya shuka da kansa a dajin Amurka ta Arewa bai yi kama da wanda ake gani jikin katin biki ba? Ganyen furensa biyar ne rak, ruwan hoda, tsakiyarsa rawaya. Kurmi ne mai ƙaya, yawanci daga gwiwa zuwa tsayin mutum, yana bin ƙarƙashin ƙasa yana tofowa nan da can har ya mamaye wuri. Akwai Rosa carolina na busasshen fili, akwai Rosa arkansana na sararin ciyawa da ke tsakiyar ƙasar, akwai kuma Rosa palustris da ba ya jin daɗi sai ƙafarsa na cikin laka. In fure ya kaɗe sai jajayen 'ya'ya su maye gurbinsa, tsuntsaye su ci duk tsawon sanyi. Mutanen asali na ƙasar sun daɗe suna ci suna dafa shayi da su.

Kun san kuwa irin girman da suka ba wannan ɗan kurmi? Jihar Ayowa ta ɗauke shi tambarinta a 1897, Dakota ta Arewa a 1907, lardin Albata na Kanada a 1930. A 1986 kuma Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu wardi ya zama furen ƙasar Amurka baki ɗaya.

Shin ko kun san cewa in aka kawo muku ƙwayarsa Zauro kuka shuka, sai dai ku yi ta ban ruwa a banza? Ƙwayar ba ta farkawa sai ta kwana cikin danshi da sanyi mai kusan daskarar da ruwa na wajen wata uku. Masu renonsa a can cikin firji suke ajiye ta da jiƙaƙƙen yashi kafin shuka. Hunturunmu, duk da yadda yake fasa leɓe da dunduniya, bai kai nan ba. Ko ta fito ma, ranar Afrilu ta Birnin Kebbi mai haura digiri 40 tana jiran ta. Ku duba inda wardi ke albarka a ƙasashe masu zafi, duk kan tudu ne mai sanyi: Ɗa'ifa a Saudiyya, inda ake tatsar ruwan wardin da alhazai ke sayowa, ta kusa mita 1,900 sama da teku, haka gefen tafkin Naibasha a Kenya, inda ake yanko furen da ke cika kasuwannin Turai. A Najeriya sai Jos. Kwarin Rima kuwa ko mita 300 bai kai ba.

Ko kun san cewa Amurkawa sun taɓa raina nasu suka ɗauko na waje, suka kuma yi da-na-sani? A 1866 aka shigo da wani wardi daga Japan mai suna Rosa multiflora. Daga shekarun 1930 hukumar kare ƙasar noma ta gwamnatinsu ta yi ta kwaɗaita wa manoma shi, wai shinge ne da ba ya son gyara, yana kuma tare zaizayar ƙasa. Tsuntsaye suka ci 'ya'yan suka watsa ƙwayar ko'ina. Gindi ɗaya kan zubar da dubban ɗaruruwan ƙwaya a shekara, ƙwayar kuma kan yi wajen shekara 20 a ƙasa ba ta mutu ba. Makiyaya ta toshe, daji ya toshe. Yanzu jihohi da dama sun sa shi cikin jerin miyagun ciyayi, masu lambu kuma sun koma cigiyar wardinsu na gado.

Magaryarmu ma ta yi wa wasu irin wannan aika-aika. A arewacin jihar Kwinslan ta Ostireliya, inda aka kai ta tun ƙarni na 19 zamanin haƙar zinariya, ta yi kurmin da shanu ba sa iya ratsawa, har doka ta hana sayar da ita ko yaɗa ta.

Shin ko kun san cewa ƙayar magarya bibbiyu take fitowa a gindin ganye, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiyar masuntan Argungu? Miƙaƙƙiyar ce ke soka, lanƙwasasshiyar ce ke riƙe riga. Duk wanda ya taɓa kutsawa ya san in ta kama hannun riga ba a fizga, sai a ja baya a hankali a zare. Ku juya ganyenta ku gani: bisa kore ne mai sheƙi, ƙasa fari-fari ne mai laushin gashi, ga jijiyoyi uku da suka taso tun daga gindi. Da wannan farin bayan ake raba ta da kurna, wadda ganyenta kore ne ciki da bai, ita kuma takan zama babban icce mai inuwa. Ta uku ita ce magaryar kura, mai 'ya'ya ja-ja masu bauri da ba a damu da cinsu ba. Masanin Faransa Lamarck ne ya raɗa wa magarya sunan kimiyya, Ziziphus mauritiana, a 1789.

Ko kun san cewa Zulu na Afirka ta Kudu reshen magaryar kura suke ɗauka zuwa inda mutum ya rasu, bisa al'adarsu wai su rako kurwarsa gida?

Shin ko kun san dalilin da ya sa sara da ƙuna ba sa kashe magarya? Abin da ake gani a sama ƙaramin rabonta ne. Tun tana tsiro take tura uwar saiwa can ƙasa neman danshi, saiwar ta riga kan girma nesa ba kusa ba. Manomi ya sare kan, ya ƙone, ruwan farko na sauka ta sake tofowa da rassa biyar ko goma. Tana rayuwa a inda ruwan shekara bai wuce milimita 300 ba, tana jure zafin da ya doshi digiri 50, ba ta ƙin jigawa, ba ta ƙin tsakuwa, har ƙasa mai ɗan gishiri tana haƙuri da ita. Ambaliyar 'yan kwanaki ma ba ta kashe babba. Kwanciyar ruwa ta wata da watanni ce ba ta so, don haka ba iccen tsakiyar fadama ba ce.

To a nan Zauro ta shigo. Kun san dai sunan garin da shinkafa ya tafi. Tun 1969 ake maganar babban aikin ban ruwa na fadamar Zauro, wanda aka tsara zai shayar da sama da hekta 10,000 tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, har yau kuma bai kai yadda aka zana shi a takarda ba. A jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015, a Zauro kuma aka jera dalar shinkafa a Maris na 2021. Ido duk yana kan fadama. Amma fadama ta gulbi ce, ran da ya ga dama ya karɓi abarsa, kamar yadda aka gani a 2010 da 2020. Tudun da ke bisanta, inda gero da wake suke, inda fako ke ƙara faɗi, ba ruwan ambaliya da shi, kuma nan ne gidan magarya. A ganina rashin adalci ne a ce duk cikin lissafin noman kwarin nan ba mai sa ta a layi.

Shin ko kun san cewa magarya tana nuna ne daidai lokacin da kusan babu wani ɗan icce a daji? Takan yi fure wajen ƙarshen damina, ƙananan furanni kore-kore masu ɗan wari da ke jawo ƙuda da zuma, 'ya'yan su nuna cikin hunturu. Mangwaro bai zo ba, ɗinya ta wuce. Yara su fita da sanda da gwangwani, a kaɗa a tsince, a dawo da ƙafa duk ƙaya. Busasshiyar kuwa, in ka girgiza ta kusa da kunne, wani lokaci har motsin ƙwallon za ka ji a ciki.

Ko kun san cewa ɗanyar magarya mai kyau ta fi lemon zaƙi bitamin C? Lemo na da wajen miligiram 50 a kowane giram 100. Ingantattun irin magarya kan kama daga 70 har su haura 150. Shanya ta a rana yana rage shi sosai, sai dai zaƙin da sauran amfanin suna nan. Wardin daji ma da wannan ya yi suna. A Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen ruwa suka kasa kai lemo Ingila, Ma'aikatar Lafiya ta tura 'yan makaranta da 'yan sa-kai bakin shingaye tsinko 'ya'yan wardi, a 1941 kaɗai aka tara wajen tan 200, aka dafa aka yi wa yara ruwan zaƙi na sha.

Shin ko kun san cewa tuwon magarya ya shiga littafin Turawa tun 1799? Mungo Park, a tafiyarsa ta farko cikin ƙasar da ake kira Mali a yau, ya tarar da mutane suna tsintar waɗansu ƙananan 'ya'yan ƙaya, su shanya, su daka a turmi a hankali har garin ya rabu da ƙwallon, su kwaɓa da ruwa su yi curi su busar. Ya ci, ya yaba zaƙinsa. Shi ne dai Baturen da ya bi ta Yawuri a tafiyarsa ta biyu, ajali ya same shi a Busa a 1806. Yadda ya kwatanta aikin haka tsofaffinmu ke yi har gobe: daka ba da ƙarfi ba don kada ƙwallon ya fashe ya ɓata gari, tankaɗe da rariya, yayyafa ruwa, danna cikin ƙoƙo. A arewacin Kamaru turara shi ake yi. Yana wata da watanni bai lalace ba, shi ya sa ya zama guzurin matafiya da makiyaya.

Da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a 1922, cikin guzurin da aka jera masa har da 'ya'yan kurna.

Shin ko kun san cewa sau huɗu aka ambaci iccen dangin magarya a Alƙur'ani? Sau ɗaya a Suratu Saba, sau biyu a Suratun Najmi, sau ɗaya a Suratul Waƙi'a, inda aka siffanta na Aljanna da cewa ba shi da ƙaya. A hadisin Ummu Aɗiyya da Buhari da Muslim suka ruwaito, da ruwa da ganyensa aka yi umarnin wanke 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a sa kafur a wankin ƙarshe. Abu Dawuda kuma ya kawo gargaɗi mai tsanani a kan sare shi, ya bayyana cewa ana nufin wanda ke daji, matafiya da dabbobi na shan inuwarsa, mutum ya sare shi ba gaira ba dalili. Wanda ya fi yawa a ƙasar Larabawa shi ne wanda mu muke kira kurna, amma malamanmu da ganyen magarya suka saba aiki, su biyun kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne.

Ko kun san abin da ke sa dakakken ganyen ya yi kumfa in an kaɗa shi a ruwa? Wani sinadari ne mai aikin sabulu da ke cikinsa. Shi ya sa mata daga Yaman har Iran ke wanke gashi da garinsa. Masu maganin gargajiya suna ba da saiwa da ɓawo da ganye don ciwon ciki da gyambo da sauransu, amma mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ajiye maganin asibiti saboda wani ya ce masa ganyen magarya ya isa.

Kun san kuwa zumar da ake sayarwa da tsadar gaske a shagunan Makka da Madina, wadda ake kawowa daga kwarin Do'an na Hadaramaut a Yaman, daga furen kurna ƙudan zuma ke haɗa ta? Mai amya a Kebbi da ya rataye ta kusa da kurmin magarya a watan Oktoba, 'yar uwar waccan zumar yake tara wa kansa.

Shin ko kun san cewa a Indiya magarya amfanin lambu ce kamar mangwaro da gwaiba? Sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaɓen iri har suka fitar da masu manyan 'ya'ya, irin su Gola da Seb da Umran da Kaithli. Tamu ta daji ƙwaya ɗaya giram 1 ce zuwa 2, rabi ma ƙwallo ne. Gola kan kai giram 20, Umran ta haura 30, ga nama mai garas-garas. Cibiyar binciken ƙasashe masu ƙarancin ruwa da ke Jodhpur, wadda aka kafa a 1959, ta taka rawa wajen koya wa manoman hamadar Rajastan su ɗaura waɗannan irin bisa gindin na daji. A birnin Amritsar kuma, cikin harabar babban wurin ibadar mabiya addinin Sik, akwai magaryoyi da suka haura shekara 400 suna raye. A Indiya har ƙwaron da ake samun jan ƙaro na shafen katako daga jikinsa ake kiwo bisa rassanta.

Ko kun san cewa ba sai an je Indiya ba, maƙwabtanmu na Nijar sun riga sun gwada? A tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, wajen kilomita 45 kudu da Yamai, Farfesa Dov Pasternak da abokan aikinsa sun yi ta yaɗa magarya 'yar aure, wato wadda aka ɗaura ingantaccen iri bisa gindin ta daji, tun farkon shekarun 2000, suka sa mata laƙabin tuffar Sahel. Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne inda suka dasa ta. Fako suka nema, jan dandagaryar da kowa ya yafe, aka ba ƙungiyoyin mata. A fasa ƙasar, a haƙa rami siffar rabin wata mai tare ruwan sama, a sa magarya a ciki, tsakanin layuka kuma a yi ƙananan ramuka da taki a shuka kuɓewa da yakuwa da tafasa. Ganye da kuɓewa su riƙe mai gona kafin icce ya soma ba da nasa. Ƙasar Dosso da ta Kebbi kuwa iyaka ce kawai ta raba su, rana ɗaya ce, ruwa kusan ɗaya.

Shin ko kun san cewa abin da yara ke tofarwa ba shi ne irin ba, gidan irin ne? Cikin kowane ƙwallo akwai ƙwaya, yawanci biyu. In an shuka ƙwallon yadda yake yakan yi wata guda ko fiye kafin ya fito, wani ma ba zai fito ba. In aka fasa shi a hankali da guduma ko awartaki aka ciro ƙwayar ba tare da an ji mata ciwo ba, cikin mako guda sai a ga tsiro. Kafin fashi, a zuba ƙwallayen cikin ruwan gishiri mai kauri, duk wanda ya taso sama fanko ne, a zubar. A zaɓi na 'ya'yan da suka nuna sarai bisa uwa mai lafiya. Akuya ma tana wannan aikin kyauta: ƙwallon da ya bi ta cikinta ya fi saurin tsirowa, shi ya sa magarya ke yawan fitowa inda garke ya kwana.

Ko kun san cewa daɗewa a leda shi ne babban abin da ke nakasa dashen magarya? Uwar saiwar nan tana huda gindin leda cikin 'yan makonni, ko ta naɗe a ciki, in an zo ɗauka ta tsinke. A nemi doguwar leda, a cika da yashi da ruɓaɓɓen taki, a shuka wajen Afrilu, a dasa cikin wata biyu zuwa uku, lokacin da damina ta zauna. Wanda ya fi sauƙi ma a shuka ƙwaya biyu ko uku kai tsaye a ramin da za ta zauna, daga baya a bar mai ƙarfin. Rami ya kai rabin mita faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar da taki da ɗan toka saboda gara. In lambu ake so, a bar mita 6 tsakanin gindi da gindi. Ranin farko tana son a riƙa ba ta ruwa, tana kuma son a kewaye ta, don ƙayar jaririyar magarya ba ta tsorata akuya. Daga shekara ta biyu ta kama kanta.

Shin ko kun san cewa mai magarya a gona ya riga ya tsallake duk wannan wahala? Gindin da ya shekara goma ana sara yana tofowa yana da saiwar da dashen leda zai daɗe bai kai ta ba. Aure kawai yake jira, irin wanda ake yi wa mangwaro, sai dai nan ido ɗaya ake ɗaurawa. Ga yadda ake yi. Da bazara a sare kurmin kusa da ƙasa. In ya tofo a zaɓi miƙaƙƙen reshe ɗaya ko biyu, a cire sauran. Ran da reshen ya kai kaurin fensir, ɓawonsa kuma yana saɓulewa cikin sauƙi, wato ruwa na gudu a jikinsa, lokaci ya yi. A samo ɗanyen reshe daga ingantacciyar magarya, a naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma kada ya sha iska. Da sabuwar reza a feɗe ido ɗaya, wato ɗan kumburin da ke hammatar ganye, tare da ɓawon da ke kewaye da shi. A jikin reshen na daji, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a tsaga ɓawo siffar harafin T, a buɗe leɓɓansa, a zura idon, a ɗaure da siririn yankin leda tamau amma a bar idon a waje yana leƙe. Da sassafe ko da la'asar ake yi, ba da tsakar rana ba. Bayan mako biyu zuwa uku, in idon yana nan kore ya kama, sai a datse reshen daga samansa don ƙarfin ya koma wurinsa. In ya yi baƙi a sake wani, ba a yi asarar komai ba. Gindi mai ƙarfi kan ba da 'ya'yan fari cikin shekara guda ko biyu.

Abin da ke kayar da mutane bayan nan shi ne sakaci. Uwar dajin ba ta daina turo nata rassan daga ƙasan ɗaurin ba, in aka ƙyale su sai su shanye amaryar ta bushe. Duk wanda ya leƙo a murje shi da yatsa tun yana ɗanye.

Ko kun san cewa magarya bisa sabon reshe kaɗai take haihuwa? Wanda ya yi 'ya'ya bana ba zai ƙara yin na kirki ba. Don haka kowace shekara, bayan an gama tsinka, cikin zafin bazara lokacin da ta zubar da ganye tana hutawa, a yi mata aski sosai, a rage rassan bara a bar gajerun gindinsu. Mai jin tausayin icce ba ya cin magarya mai yawa. Rassan da aka sare kuma ba asara ba ne, su ne shingen lambun albasa da na tumatir, kauraransu su yi ƙotar fartanya ko su shiga murhu, ga shi gawayinta yana da kyau.

Kun san kuwa yawancin irin ba sa ɗaukar barbarar kansu? Furen gindi ɗaya yana buƙatar garin furen wani gindin daban, ƙuda da zuma ne 'yan aike. Kada a cika lambu da iri ɗaya tak. A gauraya biyu, ko a bar 'yan na daji a gefe.

Shin ko kun san cewa tsutsar da ake tararwa cikin magarya ba daga ƙasa ta hau ba? Wani ɗan ƙuda ne ke huda fatar tun tana ɗanya ya saka ƙwai. Tsutsar ta ci ta ƙoshi, ta faɗo ƙasa, ta shige ƙarƙashin iccen ta kwanta sai baɗi. Manyan 'ya'yan 'yar aure sun fi jan shi fiye da na daji, wannan ita ce babbar matsalarta a duk inda aka kai ta a Sahel. Maganin farko ba na saye ba ne: a riƙa tsince duk wadda ta faɗo a binne ta da zurfi ko a ba dabbobi, da bazara kuma a kafce ƙarƙashin iccen rana ta gasa abin da ya ɓuya. Kaji ma in an sake su a wurin suna taimakawa. Akwai kuma farar fumfuna da kan rufe fure da ƙananan 'ya'ya in raɓa ta yi yawa, wadda hodar farar wuta ke maganinta.

Ko kun san cewa in shinge ake nufi lissafin ya sauya? A jera ta kusa-kusa, rabin mita tsakani, a yi layi biyu a sassaɓe, a riƙa datse kai don ta yi rassa tun daga ƙasa. Cikin shekara uku ba akuyar da za ta ratsa. Ga mai lambun rani a bakin fadama, wanda kowace shekara sai ya sayi kara ko ya shiga daji saran ƙaya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, balle rage faɗa da masu dabbobi. Sai dai a sani magarya ba gawo ba ce. Gawo yana zubar da ganye da damina ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Magarya da damina take cika da ganye, tana kuma gasa da shuka wajen ruwa. Wurinta iyakar gona da fako da gefen hanya. Ganyen nata kuwa abincin rani ne ga awaki da raƙuma, Fulani sun daɗe da sanin haka.

Shin ko kun san cewa barin kututture ya tofo shi ne ya mayar wa ƙasar Maraɗi da Damagaram itatuwansu? Tun 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya mai aikin gona a Maraɗi, ya soma jawo hankalin manoma su daina ƙone tofon da ke gonakinsu, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu su rena. Suka kira abin sassaben zamani. An ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da gandun reno ba, magarya kuma tana cikin waɗanda aka rena. Kebbi na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ana kashe kuɗi a raba dashen leda, da yawa ba sa ganin damina ta biyu, alhali ga masu saiwa a ƙasa ana cinna musu wuta.

Ko kun san cewa 'yar aure ba ta da haƙurin ta daji bayan an tsinke ta? Ta daji a shanya a zuba a buhu, ta kai wata shida. Babbar kuwa ruwa ne a jikinta, kwanaki kaɗan take yi a zafinmu kafin ta yi laushi ta soma yamushewa. Shi ya sa ban ga hikimar a aurar da kowane gindi ba, a bar wasu don tuwo da ajiya. Wadda za a kai kasuwa da hannu ake tsinkar ta, ba da sanda ba, lokacin da korenta ya juya ruwan ɗorawa, kafin ta yi ja. A tsinka da sanyin safiya, a zuba a kwando mai shan iska, ba a leda ba, a ajiye a inuwa. Daga Zauro zuwa babbar kasuwar Birnin Kebbi tafiyar mintoci ce a mota, ranar da aka tsinka ranar za ta isa hannun mai saye.